Warin Tafasa

Wahala ce kawai. Ranar da 'yan makaranta ke karɓar tutar 'yancin kai, ni ina bayan garin Miri tare da Kaka muna tsinkar tafasa cikin rana, alhali rumbunmu cike yake da gero.

Na ce, "Kaka, me ya kai mu cin ciyawa?"

Ta murza ganyen a hancina. "Shaƙa, ragon miji. Shekarar da fara ta cinye gonaki, ƙannena biyu muka binne. Mu da muka rage, wannan ya riƙe mu. In na mutu, wa zai nuna maka?"

Har yau in hatsi ya yi tsada, warin nan nake ji, sai kewarta ta kama ni.

Washegarin ranar da ta faɗa min haka, na riga ta ɗaukar ƙwaryar tsinkar tafasa.