Darasin Guga

Tafin da aka yi wa sabon malami Bilyaminu a taron malamai ya tsaya wa Malam Namadi a wuya. Shekara ashirin Namadi yana koyar da lissafi a Anka, amma wannan yaron mai sabon digiri ne za a tura sakandare a Gusau. Wai don ya zo darasin gwaji da guga da igiya, ya bayyana lambobin ƙasa da sifili da zurfin rijiya.

Namadi ya miƙe. "Wannan wasan ƙauye ne, 'yan birni dariya za su yi maka. Wane ragon malami ya koya maka?"

Bilyaminu ya rusuna.

"Ku ne, Malam. Muna aji biyu, ranar da alli ya ƙare, kuka kai mu bakin rijiya."