Shatin Yatsu a Damtse

Tana cire wa ɗiyarta rigar lakwal bayan an taso daga makaranta sai ta ga shati huɗu jere a damtsen yarinyar, na biyar a ƙasa. Ta san irin wannan tabo. Shekara tara tana ɓoye irinsa ƙarƙashin mayafi a gidan mijinta a Barmu, kafin ta saɓo ɗiyar ta gudo Tawa.

"Wa ya yi miki wanga?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Malaminku ne? Ko mai kabu-kabun da ke kai ki?"

"A'a, Inna."

Ba ta yarda ba, don ita ma haka take amsawa a da. Washegari ta tsaya bakin tagar aji tana kallon hannuwan malamin. Ta sallami mai kabu-kabu. Tsohon maƙwabcinsu da ke raba wa yara dabino ma ta daina amsa gaisuwarsa.

Ranar Lahadi suna ratsa kasuwa, wani mai amalanke ya daka wa jakinsa tsawa. Kafin ta ankara ta fizgo yarinyar ta kai ta bayanta.

"Inna, da zafi. Wurin rannan ne."

Ta dubi hannunta. Yatsunta sun zauna daidai kan shatin, babban yatsa a ƙasa. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ta durƙushe a tsakiyar hanya.

Yarinyar ta dafa mata kai. "Ba Baba ba ne, Inna. Jaki ake ma faɗa."