Kwazazzabon Da Sanƙarau Ya Bari

Mai cewa annoba ta wuce ranar da aka daina kai gawa maƙabarta bai san annoba ba. Ga misali.

An yi wani manomi da gonarsa ke gangare, a samanta kuma akwai gonar wani gandu mai maza biyar. Tun zamanin kakanninsu mutanen gandun nan suke yin kunya a gicciye, sun dasa gamba layi-layi, saboda haka ruwan tudu kan sauko wa manomin a hankali, ya jiƙa masa gero ya wuce. Bai taɓa kawowa a ransa cewa gumin wani ne ke tare masa ruwan ba. Wata bazara sanƙarau ya shigo garin, cikin kwana tara ya ɗauke maza huɗu a gandun, na biyar ya tashi kurma. Da damina ta sauka ciwo ya ɗauke, uwar gandun ta kira gayya. Ta dama fura, ta tako da ƙafarta har ƙofar manomin, ta tuna masa sau uku 'ya'yanta suna yi masa noman farko. Ya tsaya daga nesa ya ce ciwon bai bar randar gidanta ba, shi ba zai kai ludayinta bakinsa ba. Ya hana matarsa ko aron rariya a gidan. Da mutane suka ga maƙwabcin gona bai je ba, su ma suka noƙe. Fura ta yi tsami a ƙwarya. Tsohuwar ta gamu da shi a hanyar rijiya, ba ta yi masa baki ba, ta dai ce, "Malam, ba ni kaɗai ka ƙi ba."

Shekarar nan ciyawa ta cinye gonar sama. Ta biyu aka sayar da shanun huɗa, surukai da tuni sun gama takaba suka koma gidajen iyayensu da goyo, kurman ya tafi birni dako. Tsohuwar ta yanke gamba ta sayar wa masu saƙa zana, awakin gari suka kiwace tohon har ya mutu. A damina ta uku ruwa ya sauko babu abin da ya tare shi. Da farko ya tsaga gonar manomin faɗin tafin hannu, manomin ya tsallake yana tsaki. Da shekara ta zagayo, ramin na shanye mutum har ƙugu. Tun daga nan zama ya gagare shi. Hadari na haɗuwa a gabas sai ya ture tuwo ya ɗauki fartanya. Ya jera buhunan yashi, ya zuba ƙaya, ya kafa turaku, ruwa ɗaya ya kwashe su ya kai fadama. Ya nemi mutane su taya shi cike ramin, aka ce masa ai an daina gayya tun shekarar ciwo, yanzu sai ƙwadago. 'Ya'yansa biyu suka ga geron ba ya kai su bazara, suka tafi cin rani, ɗaya ne ke aiko gaisuwa. Yau ya tsufa, gwiwa ta ƙi, amma duk ruwan da aka yi sai ya dogara sanda ya je ya auna abin da ya rage da taki. Bara taki sittin ne tsakanin bakin kwazazzabon da rumbunsa, bana arba'in da ɗaya. Matarsa kan ce ya zauna ya sha koko, ya ce sai ya dawo. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba a binne kowa da sanƙarau a garin ba, shi kuwa a shekarar ciwon ko zazzaɓi bai yi ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.