Ku Gaya wa Mai Shafi

Musbahu na tsakiyar cin ƙosai a bakin ofishinsu a Gaya saƙon ya faɗo cikin wayarsa.

"Ku gaya wa mai shafi an gan shi a kasuwa yana tari. Ya nemi magani."

Tsohon Kaset ne. Wa kuma zai zama in ba shi ba?

Shafin da ake magana shi ne Zauren Fank. Musbahu da abokinsa Da'u suka buɗe shi a wani kafe na intanet a Kano, zamanin da sai ka je ka yi salla ka dawo hoto ɗaya bai gama buɗewa ba. Masoya kiɗan fank ke taruwa a ciki, masu son jin bes, amon nan mai kauri, na dukan ƙirjinsu. Da mutum shida aka fara. Kafe ya mutu, Da'u ya yi fushi ya fita kan rigimar wa zai riƙe ragama, manyan shafuka suka kwashe jama'a, amma Zaure na nan daram kusan shekara ashirin, har daga Yamai ana leƙowa. A Zauren, Sarkin Bes kowa ke ce wa Musbahu. Sunansa na yanka kuwa ya ɓoye shi, kuma da dalili.

Yana ɗan sakandare mahaifinsa ya kama shi da kwali cike da kaset. Malam ya sa shi ya yi alkawarin barin kiɗa har abada, ya miƙa wa Inna kwalin ya ce ta zuba a murhu. Malam ya rasu bara waccan. Inna Hanne kuwa tana nan a Gafasa da zabbinta da carbinta, tsohuwar malamar firamare, mace ce da ba ta taɓa zama ta yi hira da ɗan farinta ba. Musbahu ya yi mata rufin kwano. Ya saya mata babbar waya, har ya gwada mata ko intanet na kamawa. Godiyar ma ta bakin matarsa Naja'atu ta iso. Abu ɗaya Musbahu ke tsoro a duniya: Inna ta ji ya saɓa alkawarin da ya ɗauka a gaban idonta.

Shi wannan Tsohon Kaset ya yi shekaru da yawa a Zaure. Kiɗan da yake ɗorawa ba mai irinsa, amma kai, ɗaukar ba ta da kyau ko kaɗan! Daga ji waya ake kara wa rediyo, ga hayaniyar tsuntsayen gida a baya. Yana gaishe da kowa da sunansa, yana tambayar iyali. Sarkin Bes kaɗai ne bai isa a ambace shi ba, sai dai "ku gaya wa mai shafi". In Musbahu ya yi masa magana, shiru. Wannan raini ya daɗe yana cin sa. Shekarar da Malam ya rasu mutumin ya ɓace wata da watanni, Musbahu har ya ce Allah raka taki gona a zuci, ya yi hamdala. Sai ga shi ya dawo.

Kwana kaɗan bayan saƙon tari, Tsohon Kaset ya ɗora sabon kiɗa. Kafin ganga ta shigo, sai muryar wani yaro ta ce, "Gwaji, gwaji." Muryar Musbahu ce, a kaset ɗin da ya san wuta ta cinye tuntuni.

Mutum ɗaya ne ke aron kaset ɗinsa yana kwafa a wancan zamani, kuma mutumin yanzu kiwon kaji yake a Balan. Musbahu ya hau babur.

"Me na yi maka, Da'u? Shafin kake so? Ɗauka, amma ka bar mini sirrina."

Da'u ya ajiye bokitin dusa, ya zaro 'yar ƙaramar waya mai tocila. "Da wannan zan yi maka makircin? Wallahi rabona da Zaure tun kafin in yi aure."

Musbahu ya dubi wayar, ya dubi kajin da ke ta kuka. Bai yarda ba. Mai niyyar sharri ai ba waya ɗaya yake ajiyewa ba.

Bai ƙarasa gida ba wani saƙon ya shigo: "Ku gaya wa mai shafi hanyar Gafasa ba nisa gare ta."

Shi ke nan, an kai ƙarshe. Wurin Inna za a kai shi ke nan. Nan bakin titi ya toshe Tsohon Kaset daga Zaure. Amma toshewa ba ta hana ƙafa tafiya. Ya yanke gara Inna ta ji daga bakinsa da ta ji daga bakin maƙiyi, ko da kuwa daga ranar ba za ta sake amsa gaisuwarsa ba.

Ranar Juma'a ya ɗauki Naja'atu suka tafi, bayan ya kwashe wata biyu bai taka garin ba. Suka tarar da Inna tana watsa wa zabbi gero. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya gaishe ta, ta amsa tana duban katanga kamar kullum.

"Inna, akwai abin da na daɗe ina ɓoye miki," in ji shi.

Ba ta juyo ba. Ta karkaɗe ƙwaryar, ta dubi surukarta.

"Naja'atu, ki gaya wa mai shafi ya buɗe mini ƙofata, da sauran kaset a kwalin."