Ɗurin da na yi wa Baffa

Ranar da Baffa, ƙanen mahaifina, ya sayo bindigar toka daga Bakori, ni ya kira bayan rumbu da la'asar.

Ya ce, "Albarushi yatsa biyu, kada ka ƙara. Sai tsumma, sai dalma, ka danna da sanda har ta daina shiga."

Na ɗura ina murna an ɗauke ni babba, yatsuna na warin albarushi.

Ya karɓa ya ce, "Kira karenka."

Na yi fito, Duna ya taho yana kaɗa wutsiya. A gabana ya harbe shi, wai yana shanye masa ƙwan zabi.

Baffa ya tsufa yanzu, ni ke kai masa hatsi. A zaure nake ajiyewa in juya.