Jan Layin Bakin Binuwai

Dinatu ba ta yarda kowa ya taɓa taswirar nan, sai Ephraim.

Wata tsohuwar Baturiya da Dinatu ta yi jinyarta a Abbey Wood, can ƙasar Turawa, ce ta ba ta ita kafin ta rasu. Uban matar ne ya zana ta tun zamanin mulkin Turawa: ga Kogin Binuwai, ga gandayen auduga jere a bakinsa, kowanne da sunan mai shi. Can ƙasa, wani jan layi ya kewaye ƙauyen su Dinatu, an rubuta cewa filin na mutanen garin ne. Filin nan kuwa shi wani kamfanin rake ke neman ƙwacewa. Magana tana kotu, ƙauyen ba shi da takarda ko ɗaya.

Don murna, ta tashi ta ba da shaida a cocinsu na Old Kent Road. Ba a jima ba Ephraim ya fara zuwa cocin. Ya ce shi maraya ne, kwasar kaya yake yi a kasuwa, ko da yake tafin hannunsa ya fi nata laushi. Ga shi da iya sauraro. Kafin shekara ta zagayo suka yi aure, 'yan coci suka tsaya masa a matsayin dangi.

"Kada ki sa ta a post, ɓata za ta yi," in ji shi. "Ni zan kai wa Baba hannu da hannu. Ke ki zauna, kin yi nauyi."

Ya tafi a farkon 1990. Sai wani da bai faɗi sunansa ba ya bugo waya flat ɗinsu na Thamesmead: motar da Ephraim ya shiga ta ƙone ƙurmus a hanyar Lafiya, an binne fasinjojin a rami ɗaya. A makon nan cikinta ya zube. Kotu ta ba kamfanin gaskiya, katafila ta bi ta kan gidaje da kaburbura. Babanta ya mutu a ɗakin aro, yana tambayar ko takardar ta iso.

Dinatu ta ɗauki laifin duka ta ɗora wa kanta. Ita ta tura bawan Allah ga ajalinsa.

Bayan shekara uku, agency ɗin da ke samo mata aiki ta tura ta Hampstead jinyar wani attajiri, Cif Mailafiya, da ɓarin jikinsa ya shanye. Tana shiga falo ta ga taswirar a bango, cikin gilashi. Har gefen da ta liƙe da filasta yana nan.

Matar gidan, mai riƙe da hannun wani yaro ɗan firamare, ta lura da inda take kallo.

"Surukina Cif ne ke ji da ita. Gonar rakensa ce a wurin, maigidana ne ya samo masa taswirar." Ta ɗaga murya. "Darling, ga sabuwar nas ɗin Baba."

Ephraim ya sauko daga bene yana ɗaura agogo, ya dubi Dinatu sama da ƙasa, ya ce wa matarsa, "Ki nuna mata ƙofar baya, ta nan ma'aikata ke shiga."