Yadda Ernest Ya Natsu

Karo na biyu ke nan ana koro Ernest daga firamare a Sabon Tasha. Shekarunsa takwas, ba ya iya zama kan benci. Ana karatu sai ya haye taga, ko ya ja kunnen na gabansa.

Mahaifiyarsa, Rhoda, ta kai shi asibiti. Likita ya ce ba iskanci ba ne, lalura ce da ke hana yaro tattara hankalinsa. Ya ce sai an bi shi a hankali, maganin kuwa a wannan shekara ta 1984 ko a Legas ba a samunsa.

Mahaifinsa, Sylvanus, ma'aikacin masaƙa, ya ce shi ba shi da wannan haƙurin. Ya ji labarin wani mutum a Mahuta mai gyara yara masu taurin kai. Rhoda ta yi kuka, amma ta haɗa wa yaron kayansa.

Bayan 'yan makonni aka dawo da shi. Ya rame, yana fama da zazzaɓi, yana yawan dafe kai. Mutumin ya ce taurin kan ne ke fita.

Da ya warke, sai ga wani Ernest daban. Yara na ihun ƙwallo a bayan katanga, ba ya leƙawa. A aji malama ta ce ba ta da ɗalibi mai maida hankali kamarsa, idonsa ba ya barin bakinta. Magana kaɗan yake yi. Aka yi godiya a coci. Maƙwabciyarsu Asabe ta nemi kwatance, ta kai nata ɗan.

Rhoda kaɗai ce zuciyarta ba ta kwanta ba. Yaron ya daina dariya, ya daina waƙoƙin nan da yake cika mata gida da su.

Wata Asabar yana zaune a tsakar gida, ya ba ta baya. Tiren kwanuka ya suɓuce mata a kan siminti. Kaji suka watse, jaririyar Asabe ta tsala kuka.

Ernest bai motsa ba.

Ta matso dab da ƙeyarsa, ta kira shi.

"Ernest. Ɗana, waiwayo."

Bai waiwayo ba. Tun ranar da mutumin Mahuta ya haɗa masa mari a kunnuwa biyu, Ernest bai sake jin komai ba.